Baƙo da Gidansa: Ladabi da Haƙƙin Zama a Zangon Motocin Tafi-da-gidanka a Amurka

Gabatarwa

A ƙasar Amurka da maƙwabciyarta Kanada akwai wani nau'in mota da aka ƙera domin mutum ya yi tafiya da ita ya kuma kwana a cikinta, wadda ke ɗauke da gado da kicin da makewayi da tankunan ruwa, sau da yawa har da na'urar sanyaya ɗaki, kuma mutanen can suna taƙaita sunanta da haruffa biyu, wato RV. A Hausance sunan da ya fi dacewa da ita shi ne motar tafi-da-gidanka. Ta kasu gida biyu: akwai mai inji a jikinta, wadda babbarta takan kai tsawon bas, akwai kuma tirela wadda wata mota ke ja, a kwance ta a ajiye idan an isa inda za a sauka. Mafi yawan waɗannan motoci ana ƙera su ne a yankin Elkhart da ke jihar Indiyana, kuma ƙungiyar masana'antun da ke ƙera su ta bayyana cewa a shekarar 2021 kaɗai an fitar da sama da guda 600,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin wannan shekara.

Wurin da aka tanada domin waɗannan motoci su tsaya su kwana shi ake kira zango a wannan sharhi, bisa aron sunan wurin da ayarin fatake ke yada kaya idan tafiya ta yi nisa. Sai dai tsakanin zangon fatake da wannan akwai bambanci guda wanda shi ne tushen dukan bayanin da zai biyo baya. Bafatake yakan dogara ga mai masaukinsa wajen ɗaki da abinci da ma'ajiyar kaya, saboda haka matsayinsa na baƙo a fili yake gare shi. Mai motar tafi-da-gidanka kuwa yana zuwa ne da ɗakinsa da tukunyarsa da makewayinsa, abin da kawai ya rasa shi ne ƙasar da zai ajiye su a kai, don haka a cikin motarsa maigida ne, da zarar ya sa ƙafa waje kuma baƙo ne. Yawancin saɓanin da ke aukuwa a zango yana tasowa ne daga mutumin da ya fito da ikonsa na maigida zuwa inda shi baƙo ne, kuma yawancin dokokin zango an kafa su ne domin nuna masa inda wannan iko ya tsaya.

Asalin zango da asalin dokokinsa

Bayan da kamfanin Ford ya fito da motarsa mai araha samfurin Model T a shekarar 1908, Amurkawa masu matsakaicin hali suka soma fita yawon buɗe ido da mota, suna kafa tanti a gefen hanya ko a gonar duk wanda dare ya riske su kusa da ita. Wannan ɗabi'a ta jawo ƙorafi daga manoma saboda shara da wutar da ake bari ba a kashe ba, sai garuruwa suka fara ware filaye na kyauta domin matafiya su riƙa sauka, da fatan za su yi sayayya a shagunan gari. Masanin tarihi Warren Belasco, a littafinsa na 1979 mai suna Americans on the Road, ya nuna yadda a cikin shekarun 1920 garuruwan suka koma karɓar kuɗi da ƙayyade kwanakin zama da rubuta sunayen masu sauka, musamman domin su rage marasa aikin yi da ke mayar da filayen wurin zama. Ke nan kuɗin shiga da rajista da wa'adin kwanaki, waɗanda har yau su ne ginshiƙan tsarin zango, sun samo asali ne daga tambayar wane ne baƙo mai wucewa, wane ne kuma mazauni.

Su ma matafiyan sun gane da wuri cewa mutuncinsu a idon 'yan gari ya rataya ne a kan halinsu. A shekarar 1919 aka kafa ƙungiyar Tin Can Tourists a birnin Tampa na jihar Fulorida, wadda cikin manufofinta akwai tsaftace wurin sauka da kyakkyawar mu'amala tsakanin matafiya, sannan a 1966 aka kafa ƙungiyar Good Sam, wadda ta ɗauko sunanta daga labarin Basamariye mai taimako, kuma membobinta suka ɗauki alƙawarin agaza wa juna a hanya. Zangon kasuwanci irin na zamani ya bunƙasa ne bayan 1962, shekarar da Dave Drum ya buɗe zangon farko na kamfanin KOA a garin Billings na jihar Montana, a bakin kogin Yellowstone, domin tarbar matafiyan da ke kan hanyarsu ta zuwa baje kolin duniya na birnin Seattle.

Shi kansa fasalin zango, wato hanya mai zagayowa wadda kowane gurbin mota ke tsirowa daga gefenta kamar reshe, aikin wani masanin cututtukan tsirrai ne mai suna E. P. Meinecke. Ya yi nazarin manyan itatuwan jihar Kalifoniya ya gano cewa tayoyin mota da sawun mutane suna danne ƙasa har saiwa ta kasa samun iska da ruwa, itacen ya soma mutuwa a hankali, don haka a 1932 ya ba hukumar kula da dazuzzuka shawarar a keɓe wa kowace mota matsaya guda, a kafa murhu da tebur a wuri ɗaya da ba za a gusar da su ba. Daga nan za a fahimci cewa iyakar gurbi, tun kafin ta zama iyaka tsakanin maƙwabta, kariya ce ga ƙasar da ake tsaye a kanta.

Iren zango da tushen ikon da ke bisansa

Dokar da ta hau kan baƙo ta danganta ga mai filin. Kashi na farko shi ne zangon gwamnatin tarayya, wanda ke ƙarƙashin hukumar gandayen daji na ƙasa da aka kafa a 1916, ko hukumar dazuzzuka da aka kafa a 1905, ko hukumar kula da filayen gwamnati da aka kafa a 1946 wadda aka fi sani da BLM. A nan ƙa'idojin zama doka ce ta tarayya, kuma wanda ya karya ta a gandun daji na ƙasa zai iya fuskantar tara ko ɗaurin da zai kai wata shida. Kashi na biyu shi ne zangon jihohi da ƙananan hukumomi, wanda kowace jiha ke tsara masa nata ƙa'idoji. Kashi na uku shi ne zangon 'yan kasuwa, inda ƙa'ida take zama sharaɗin yarjejeniya, wato takardar da baƙo ke sa wa hannu ko yake amincewa da ita ta intanet lokacin da yake kama gurbi.

A duk waɗannan wurare matsayin baƙo a shari'a ya fi kusa da na wanda ya sauka a otal fiye da na ɗan haya, ma'ana an ba shi izinin amfani da wuri ne na ɗan lokaci, kuma ana iya janye izinin idan ya saɓa sharaɗi ba tare da doguwar shari'ar da tashin ɗan haya ke bukata ba. Dokar jihar Fulorida, alal misali, tana ɗaukar wanda aka yi wa rajistar wata shida ko ƙasa da haka a matsayin baƙo mai wucewa, kuma ta ba mai zango damar sallamarsa idan ya tayar da hankalin jama'a ko ya ƙi biyan kuɗi. Saboda haka nauyi na farko da ke kan baƙo shi ne karanta ƙa'idojin wurin da ya sauka, domin abin da aka yarda da shi a zangon jiya zai iya zama laifi a na yau, kuma wanda ya yi rajista shi ke ɗauke da alhakin 'ya'yansa da dabbobinsa da duk wanda ya kawo masa ziyara.

Gurbi da iyakarsa

Gurbi shi ne ɗan filin da aka ba mota guda, wanda yawanci ke da lamba da tebur da murhu, kuma a zangon 'yan kasuwa tazarar da ke tsakanin mota da mota takan zama 'yan taku kaɗan. Babu katanga ko danga a tsakani, amma al'ada ta ɗauki gurbin da aka kama tamkar tsakar gidan mai shi, don haka ratsawa ta cikinsa domin gajarta hanyar zuwa banɗaki ana ganinsa rashin tarbiyya, kuma iyaye ne ake sa ran za su koya wa yara bin hanya. Haka nan mai mota wajibi ne ya auna inda rumfarsa za ta kai idan ya buɗe ta, da inda ɓangaren ɗakin da ke turowa waje daga jikin motar zai tsaya, kada ya shiga rabon maƙwabci ko ya tare hanya, sannan motar da ta jawo tirela a ajiye ta cikin gurbi ko a wurin da aka ware, domin hanyar zango ƙunci gare ta kuma ita ce motar kashe gobara ko ta asibiti za ta bi.

Lokacin shiga da na fita su ma ɓangare ne na iyaka. Zango yakan ƙayyade sa'ar tashi, galibi kafin tsakar rana ko daidai da ita, da sa'ar shiga bayan haka, domin a sami damar duba gurbi kafin sabon baƙo ya iso, kuma wanda ya yi jinkirin tashi ya bar wani da doguwar mota yana jira a hanya. Wanda tafiya ta sa ya iso cikin dare ana sa ran zai yi abin da ya zama dole kawai, ya kashe manyan fitilun mota da wuri, ya bar sauran gyare-gyare sai gari ya waye. Gudun mota a cikin zango ana taƙaita shi ƙwarai, a wurare da yawa tsakanin mil 5 zuwa 10 a sa'a, saboda yara masu keke da kuma ƙura. Fitilun waje kuwa, waɗanda sababbin motoci ke zuwa da su masu tsananin haske, ladabi ya nemi a kashe su lokacin barci, domin hasken da ke haskaka ƙofar mutum shi ne ke faɗawa kan tagar maƙwabcinsa, kuma da yawa daga masu zuwa daji duhun dare da taurari suka zo nema.

Akwai wani haƙƙi da ake iya tauyewa tun ba a iso zango ba. Gurabun gwamnatin tarayya da yawa ana buɗe kama su ne wata shida kafin ranar zuwa ta shafin Recreation.gov, kuma a wuraren da suka yi suna sukan ƙare cikin ɗan lokaci, sai wasu su kama gurabu fiye da bukatarsu, ranar ta zo ba su zo ba kuma ba su soke ba, gurbi ya kwana babu kowa alhali an mayar da wasu. Matsalar ta yi ƙamari har jihar Kalifoniya ta yi doka a 2023 wadda ke ƙarfafa sokewa da wuri tare da hukunta masu kama gurbi su ƙi zuwa a gandayen jihar.

Sauti da iska

Bangon motar tafi-da-gidanka siriri ne, tantin da wasu ke kwana a ciki kuwa ƙyalle ne kawai, don haka sauti ne abin da ya fi saurin tsallake iyaka. Dokar gandayen daji na ƙasa ta hana hayaniyar da ta wuce kima daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, kuma yawancin sauran zanguna suna da makamancin wannan lokaci na shiru, ko da sa'o'in sun ɗan bambanta. Ko da rana ma dokar ta hana kunna inji ko rediyo da ƙarar da ta haura desibel 60 idan aka auna daga nisan ƙafa 50, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti, kuma wannan adadi bai wuce ƙarar hirar mutum biyu da ke kusa da juna ba.

Janareta ce ta fi haddasa jayayya. A zangon da babu lantarki, mai mota yana bukatarta domin cajin batur da kunna na'urar sanyaya ɗaki, wani ma domin na'urar taimakon numfashi, amma ƙararta tana hana wanda ke tanti kusa da shi sakat, shi ya sa ake ƙayyade sa'o'in kunna ta, wasu zanguna ma sukan ware sashen da aka hana ta gaba ɗaya. Haɗarinta ya wuce ƙara, domin hayaƙinta yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, guba marar launi marar wari wadda ke kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Wanda ya juya bakin salansar janaretarsa zuwa tagar maƙwabci ko zuwa tantinsa ya jefa rayuwar wani cikin haɗari, kuma wannan ne ya sa ake sanya na'urar gano wannan iska a cikin motocin, ake kuma ɗora wa mai mota nauyin tabbatar da cewa tana aiki.

Ruwa da lantarki da magudana

A gurbin da ke da cikakken tanadi akwai abubuwa uku da mota ke haɗuwa da su: soket na lantarki, famfon ruwan sha, da bakin bututun magudana. Dukansu rassa ne na tsari guda da zango duka ke amfani da shi, don haka kuskuren mutum ɗaya a nan yakan isa ga mutanen da bai taɓa gani ba. Lantarkin iri biyu ne, mai ƙarfin amp 30 wanda ke ba da kimanin wat 3,600, da mai amp 50 wanda ke kaiwa wat 12,000, kuma mai mota wajibi ne ya san wanda motarsa ke ɗauka, ya kashe makunnin da ke jikin sandar kafin ya soka waya ko ya zare ta, domin tartsatsin da ke tashi idan an soka da wuta a kunne yana ƙona bakin soket a hankali har ya zama haɗari ga wanda zai zo gaba. Janyo wuta daga sandar gurbin maƙwabci, ko taɓa wayoyin sandar da ta lalace maimakon sanar da ofis, duka saɓa ƙa'ida ne.

Sharar ruwa ta mota tana taruwa a tanki biyu. Na farko, wanda masu motocin ke kira baƙin tanki, shi ke karɓar abin da ya fito daga makewayi, na biyun kuma, wanda suke kira mai ruwan toka, shi ke karɓar ruwan wanka da na wanke-wanke. Tsarin da aka saba shi ne a fara buɗe bawul ɗin baƙin tanki, idan ya gama zuba a rufe, sannan a buɗe na biyun domin ruwan sabulu ya ɗauraye tiyo. Ko motar tana haɗe da magudana, ana barin bawul ɗin baƙin tanki a rufe har sai tankin ya kusa cika, saboda idan aka bar shi a buɗe ruwan yakan tsiyaye ya bar ƙazanta ta daskare ta toshe tankin, wari kuma ya riƙa tasowa daga magudana. Ana kuma bukatar bakin tiyo ya shiga bututun ya toshe shi sosai, domin bututun mutum sau da yawa yana dab da teburin cin abincin maƙwabcinsa ne.

Inda gurbi ba shi da magudana, akwai wurin juye tankuna na kowa da kowa, yawanci kusa da ƙofar fita, kuma a nan ne halin mutum ke bayyana, domin safiyar Lahadi layi yakan yi tsawo. Mai ladabi yakan shirya safar hannu da tiyonsa tun yana layi, ya juye, ya wanke duk abin da ya zube, ya mayar da murfi, ya matsa gaba kafin ya tsaya shirya kaya. Mafi muhimmanci shi ne raba tiyon ruwan sha da tiyon wanke tanki, da kuma nisanta tiyon ƙazanta daga famfon ruwan sha, domin idan ƙarfin ruwa ya faɗi a bututu, gurɓataccen ruwa yana iya komawa da baya ya shiga ruwan da zango duka ke sha. Zubar da ruwan tanki a ƙasa haramun ne a gandayen daji na ƙasa, har da ruwan wanke-wanke da wasu ke ganin ba shi da illa, alhali yana ɗauke da maiƙo da guntayen abinci masu jawo ƙwari da namun daji. Hatta maganin da ake zubawa a tanki domin kashe wari yana da nasa hukunci, saboda zanguna da yawa na karkara suna dogara ne ga ramin masai wanda ƙananan halittu ke narkar da ƙazantar cikinsa, kuma sinadari irin su fomaldihaid yana kashe waɗannan halittu, dalilin da ya sa jihar Kalifoniya ta hana sayar da irin waɗannan magunguna daga shekarar 2022.

Wuta da itace da dabbobi

Hukumar gandayen daji na ƙasa ta bayyana cewa kusan kashi 85 cikin ɗari na gobarar daji a Amurka ɗan Adam ne sanadinta, kuma wutar zango da aka bari ba a kashe ba tana cikin sanannun dalilai. Ƙa'ida ita ce a hura wuta cikin murhun da aka tanada kawai, kada a bar ta babu mai tsaro, kuma a kashe ta da ruwa ana juya tokar har ta yi sanyin da hannu zai iya taɓawa, domin garwashin da aka rufe da ƙasa yakan daɗe da rai. A lokacin fari hukumomi sukan hana hura wuta gaba ɗaya, kuma neman sanin ko hanin yana aiki nauyin baƙo ne. Murhu kuma ba kwandon shara ba ne, domin gwangwani da kwalba ba sa cinyewa, roba kuwa hayaƙinta maƙwabta ne ke shaƙa.

Dokar itacen wuta tana cikin waɗanda sabon baƙo ya fi mamaki, domin jihohi da yawa sun hana shigo da itace daga nesa. Dalili shi ne wani ƙwaro mai launin kore ɗan asalin Asiya da aka gano a 2002 kusa da birnin Detroit na jihar Mishigan, wanda tsutsarsa ke cin abin da ke ƙarƙashin ɓawon itacen da ake kira ash, kuma ya riga ya kashe miliyoyin itatuwa masu yawa. Da fikafikansa ba ya nisa, amma a cikin guntun itace a bayan mota yana iya tsallake jihohi a yini guda, don haka ake umartar matafiya su sayi itace a inda za su ƙona shi, kada kuma su tafi da ragowar.

Game da namun daji, babbar ƙa'ida ita ce ɓoye abinci da duk abu mai ƙamshi, domin beyar da ta ɗanɗana abincin mutane takan daina tsoronsu ta riƙa komowa, ƙarshenta kuma sau da yawa hukuma ta kashe ta, ke nan sakacin baƙon da ya riga ya tafi dabbar ce ke biyansa da ranta. A gandun Yosemite an kafa akwatunan ƙarfe a gurabu domin ajiye abinci, a gandun Yellowstone kuwa zangon Fishing Bridge ba ya karɓar tanti ko tirela mai bangon ƙyalle saboda yawan beyar a yankin, sannan dokar gandun ta wajabta nisantar beyar da kyarkeci da yadi 100, sauran dabbobi irin su ɓauna kuma da yadi 25. Karen da baƙo ya zo da shi, wanda ga Amurkawa da yawa ɗan gida ne, dole a riƙe shi da igiyar da ba ta wuce ƙafa 6 ba a gandayen ƙasa, a kwashe kashinsa, kuma kada a kulle shi a mota a tafi yawo ya yini yana haushi, ballantana idan wuta ta ɗauke na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya cikin zafin rana. Waɗannan ɗabi'u suna cikin ƙa'idoji bakwai na shirin Leave No Trace, wato barin wuri ba tare da alamar an sauka ba, wanda hukumomin filayen tarayya suka runguma.

Mai kula da zango da inda ake jayayya

A zangunan gwamnati da yawa, wanda baƙo ya fi gani shi ne mai kula da zango, galibi ɗan sa kai ne ko ɗan fansho da ke zaune cikin motarsa a bakin shiga, an ba shi gurbi kyauta a madadin aikinsa. Yana duba rajista, yana tsaftace gurabu, yana tunatarwa, amma ikon cin tara ko kama mai laifi na jami'in gandun daji ne ko ɗan sanda. Al'adar da aka fi yabawa idan maƙwabci ya dami mutum ita ce ya fara yi masa magana cikin lalama, tunda sau da yawa mai laifin bai san sautinsa ko hayaƙinsa ya kai can ba, idan abin ya ci tura ya kai ƙara ga mai kula, kada ya ɗauki hukunci a hannunsa.

Duk da haka, ba kowace ƙa'ida ce aka yi ittifaƙi a kanta ba. Wasu zangunan 'yan kasuwa suna ƙin karɓar motar da ta haura shekara goma da ƙerawa sai sun ga hotonta, suna kafa hujja da yoyon mai da lalacewar wayoyi da tsoron a bar musu mataccen ƙarfe a gurbi, masu suka kuma suna ganin hanya ce ta tace masu ƙaramin ƙarfi, tunda shekarun mota ba sa nuna yadda aka kula da ita. Haka nan wa'adin kwana 14 cikin kowane kwana 28 da hukumar BLM ta sanya a yawancin filayenta yana kare ƙasa daga zama unguwa, amma yana da nauyi a kan waɗanda tsadar haya ta mayar da mota gidansu na dindindin, irin mutanen da Jessica Bruder ta bibiya a littafinta Nomadland na 2017. Hukumar ta ɗan sassauta ta hanyar ware wuraren dogon zama, kamar na La Posa kusa da garin Quartzsite a jihar Arizona, inda mai izini zai iya zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu. Wannan jayayya ita ce dai ta shekarun 1920 ta dawo da sabuwar riga, kuma tana nuna wajibcin bambance ƙa'idar da ke kare rai da ruwa da daji daga wadda ke kare kasuwa ko kyan gani kawai.

Kammalawa

Idan aka dubi waɗannan ƙa'idoji gaba ɗaya za a ga mutane uku suke karewa: maƙwabcin da ke gefe, ma'aikacin da zai gyara abin da aka ɓata, da baƙon da bai iso ba tukuna. Na farko yana iya yin magana, na biyu yana iya kai ƙara, na ukun kuwa ba shi da baki, domin soket da aka ƙona da famfon da aka gurɓata da beyar da aka koya wa cin shara da ƙwaron da aka sauke daga bayan mota duka sai bayan mai laifin ya yi nisa suke bayyana, lokacin da babu jami'in da zai iya danganta su da shi. Hausawa suna cewa baƙo raɓa ne, kuma a zango kowa raɓa ne, babu ɗan garin da zai zauna ya ga abin da aka bari. Saboda haka tara da sallama ba sa isa su riƙe tsarin, abin da ke riƙe shi shi ne baƙon da ya ɗauki gurbi a matsayin amana, wanda kafin ya tayar da mota yakan zagaya ya taɓa tokar murhu, ya rufe bakin magudana, ya kashe makunnin lantarki, ya tsince abin da ya faɗi a ƙasa, ya kuma sanar da ofis duk abin da ya tarar a lalace, sannan ya bar wurin kafin sa'ar da aka ƙayyade.